Kada da mutane a zamanin Turawa: wa aka ƙirga, wa aka manta?

Malam Ɗanjuma:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar da aka taɓo asalin sunan Kaduna nake son mu zauna a kan maganar kada da kyau, musamman abin da takardun Turawan mulkin mallaka suka ajiye game da kamun mutane. Ga abin da duk mai bin takardun nan zai tarar: sun san yawan kadojin da aka kashe, don kowane ɗaya lada aka biya a kansa, kuɗi kuwa ba ya fita sai akawu ya rubuta. Amma mutanen da kada ya ci, babu mai lissafinsu. Matar da ta tafi rafi da tulu ba ta dawo ba, ko anini bai fita daga baitulmali saboda ita ba, don haka ba ta da layi a littafi. Waɗanda labarinsu ya iso mu da suna da rana kusan dukkansu na jikin Bature ne: jagora, ɗan dako, matuƙin jirgi, soja.

Ku ɗauki Isaaco, jagoran Mungo Park a tafiyarsa ta biyu. Ranar 4 ga Yuli, 1805, a kogin Wonda, cikin ƙasar Mali ta yau, yana kora jakuna su haye sai kada ya cafki cinyarsa ta hagu ya yi ƙasa da shi. Cikin ruwan ya laluba kan kadan, ya caka masa yatsa a ido, ya sake shi. Ya nufi gaɓa yana ihu a miƙo masa wuƙa, kadan ya dawo ya kama ɗaya cinyar, ya sake nutsar da shi. Wannan karon yatsu ya zura a idanun biyu da iya ƙarfinsa. Kadan ya saki, ya taso saman ruwa yana jujjuyawa kamar wanda ya ruɗe, ya bi tsakiyar kogi. Park likita ne, ya auna raunin hagu inci 4, na dama bai kai haka tsawo ba amma ya fi zurfi, ga kuma shaidar haƙora ɗaiɗai a gadon baya. Ya haɗa bakin raunukan da filasta ya naɗe.

Baban Khadija:
Allah ya gafarta Malam, 1805 ai ba a fara mulkin mallaka a can ba. Lokacin Shehu yana tsakiyar jihadi ma.

Malam Ɗanjuma:
Gaskiyarka, shekara guda ke nan da Tabkin Kwatto. Amma gwamnatin Ingila ce ta tura Park, da sojoji daga sansaninta na tsibirin Gore, kuma irin rubutun da aka yi ta yi shekara ɗari da hamsin bayansa daga nan ya ɗauko. Sannan ka lura da wannan: Turawa sama da arba'in suka tashi a ayarin, 11 kawai suka ga kogin Neja a watan Agusta. Zazzaɓi da atuni ne suka cinye su. Isaaco da kada ya kama har sau biyu kuwa ya warke, shi aka ma aika a 1810 ya binciko yadda Park ya ƙare a Busa.

Dakta Larai:
Malam, abin da ya fi ba ni mamaki a labarin nan ba kuɓutar ba ce, warkewar ce. Abin da Park ya yi, a yau kuskure ne babba. Cizon kada ba a rufe shi nan take. Haƙorinsa ba yanka yake yi ba, huda ce da murƙushewa, sai ka ga ƙofar ciwon ƙarama amma naman ciki ya mutu. A ciki kuma ya zuba ruwan kogi, laka, da ƙwayoyin cutar bakinsa, musamman wadda ake kira Aeromonas da dangin Clostridium masu ruɓar da nama. In ka haɗe fatar, ka rufe su a wurin da babu iska, abin da suke so ke nan. Kwana biyu zuwa uku ƙafa ta kumbura, ta yi baƙi, ta fara wari.

Yadda ake yi: a tsayar da jini tukuna, da dannawa sosai da tsumma mai tsabta. In jijiya ce ta ɓalle tana tsartuwa, a ɗaure sama da ciwon da ƙyalle mai faɗi, ba igiya ba, a rubuta lokacin da aka ɗaure. Sai wanki da ruwa mai yawa, lita-lita, ba ɗan shafawa ba. A asibiti a yanke duk naman da ya mutu, a bar ciwon a buɗe, a sake dubawa bayan kwana biyu, sai an ga ya yi ja mai kyau kafin ɗinki. Allurar sandarewar wuya (tetanus) dole ce, da maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda ke cin Aeromonas, domin fenisilin shi kaɗai ba ya taɓa ta. Ku tuna ma fenisilin ɗin bai wadatu ba sai a shekarun 1940. Wato kusan duk tsawon zamanin da muke magana, wanda ya kuɓuta daga bakin kada ya mutu a gida bayan mako guda, in ma an rubuta shi, zazzaɓi za a sa.

Ɗan Kabawa:
Ranki ya daɗe Dakta, kin kawo rabin da ba a faɗa. Bari in kawo na bakin ruwa. Kada ba ya farautar mutum da gudu, da haƙuri yake yi. Yana kwance, ido da hanci kawai a waje, yana karanta mashaya. Yau ya ga an zo da asuba an durƙusa a kan dutsen nan, gobe ma haka, jibi ma haka. Ranar da zai kama, tun daga nesa zai nutse, ya taho ta ƙasa ba ko motsin ruwa, ya tsaya taku biyu ko uku daga gaɓa. Ruwan da ya kai gwiwa ya isa ya ɓoye kada mai mita uku in ruwan ya gurɓace. A gefen muƙamuƙinsa akwai ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe da ke jin girgizar ruwa, don haka ko cikin duhu ya san inda ƙwarya ke taɓa ruwa.

Da wutsiya yake tunkuɗo kansa waje, ya cafke hannu ko ƙafa, ya ja baya. Ba ya tauna. Nutsarwa yake yi, in abin ya yi masa girma ya riƙe ya yi ta mirginawa har gaɓar ta cire. A maƙogwaronsa akwai wani marfin nama da ke hana ruwa shiga, shi ya sa yake iya buɗe baki a ƙarƙashin ruwa kai kuwa ba ka iya numfashi. Ido da wannan marfin su ne kawai lagonsa. Dukan baya ko ƙoƙarin ɓanɓare baki ɓata ƙarfi ne. Ƙarfin rufe bakin ya wuce misali, amma na buɗewa ba shi da shi, robar tayar keke in an naɗa da kyau tana riƙe shi.

Lokaci kuma yana da magana. Jininsa da yanayi yake tafiya, da hunturu ba ya cin kirki. Da zafi da damina ne yake ci, lokacin ruwa ya cika ya yi ja, ya shiga fadamu har bakin gonaki. Mai ƙwai kuma tana gadin raminta kusan wata uku, ko ba yunwa za ta far wa wanda ya matso.

Abu Zango:
Yayana Ɗan Kabawa, to a nan Gana fa? A Paga, kan iyaka da Burkina, mutane na zama a kan bayan kada suna ɗaukar hoto, yara na wanka a tafkin. Kaza kawai ake ba shi. Haka ma Bazule kusa da Wagadugu. In haka halinsa yake kamar yadda ka faɗa, me ya hana waɗannan?

Bagobiri:
Abu, tambayarka ita ce mabuɗin rabin ruɗanin da ke cikin tsofaffin takardun. Turawan sun ɗauka kada ɗaya ne daga Senegal har Zululand. Ba haka ba ne. Wani masani Bafaranshe, Geoffroy Saint-Hilaire, tun 1807 ya duba gawarwakin kadojin da Misirawan dā suka adana ya ce akwai wani iri dabam, ƙarami, mai sanyin hali, ya sa masa suna suchus. Aka yi watsi da maganarsa shekara ɗari biyu. Sai a 2011 binciken ƙwayoyin halitta da Evon Hekkala da abokan aikinta suka yi ya nuna yana da gaskiya. Na Afirka ta Yamma, har da na Paga da na gulaben Kabi da Neja da waɗanda suka maƙale a tafkunan duwatsun Ennedi a Cadi, wannan ƙaramin ne. Yawancinsu mita biyu zuwa biyu da rabi. Babban kadan Nilu, na gabas da kudancin Afirka, namijinsa yana kai mita huɗu zuwa biyar, kuma shi ne mai yawan kisa. Mafi yawan kamun da ke ƙarewa da mutuwa, kada mai mita uku zuwa sama ne ke yin sa.

Ni a ganina wannan ne ya sa Isaaco ya sha har sau biyu. Da a Zambezi ne, kamun farko ya gama. Amma kar a ɗauka na yamma rago ne: a Yamusukuro a 2012 kadojin tafkin fadar shugaban ƙasa sun kashe tsohon mai ba su abinci, mutumin da ya yi shekaru da dama yana shiga tsakiyarsu.

Hajiya Asabe:
Tun da an zo Zambezi, Malam Ɗanjuma, akwai wani dalilin da ya sa lissafin bai cika ba wanda ba laifin akawu ba ne. Livingstone ya rubuta a shekarun 1850 cewa a wurin Bakwena, waɗanda sunansu ma ma'anarsa mutanen kada, wanda kada ya ciza korarsa ake yi daga cikin jama'a. To wa zai fito ya ce an cije shi? Ɓoyewa zai yi. A wurare da yawa kuma ba a yarda kada yana kama mutum haka kawai ba, sai dai wani ne ya turo shi. In haka ne, kai maganar gaban Di'o buɗe ƙofar shari'ar maita ne, wadda Baturen ya haramta kuma zai iya ɗaure mai ƙara. Sai dangi su yi shiru su bi ta tasu hanyar.

Kuma ku duba su wa ake kamawa. Mai ɗiban ruwa, mai wanki, mai wanke-wanke, yaro mai shayar da awaki. Aikin da ke sa mutum ya durƙusa a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, kullum, ya ba ruwa fuska hannuwansa a ciki, aikin mata da yara ne. Masunta suna biye. Baturen da ke rubuta rahoto a ƙarshen shekara da maza masu biyan haraji yake hulɗa.

Malam Ɗanjuma:
Hajiya kin taɓo Saliyo ba ki sani ba. Can ne maganar turo kada ta shiga kundin doka. A 1895 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar haramta ƙungiyar mutane-damisa, a 1901 ta haɗa da ta mutane-kada. Zargin shi ne wasu na shiga cikin wani abu da aka sassaƙa kamar kada, su ja mutum daga bakin ruwa, a ce dabba ce. An yi shari'o'i, an rataye mutane. Matsalar a nan fuska biyu ce: akwai kisan gilla da aka laɓe bayan kada, akwai kuma kamun kada na gaskiya da aka ɗora wa abokin gaba a rigimar sarauta. Yawancin shaidar ikirari ne da bakin masu tsegumi.

Dakta Larai:
In an samu gawa da wuri, bambancewa ba ta da wuya. Kada yana barin huda masu zagaye a jere, layi biyu da ke haɗuwa kamar bakin kwale-kwale, sama da ƙasa, ƙashi a murƙushe, gaɓar da ta cire kuma a yage take kamar an murɗe. Wuƙa tana barin baki mai santsi. Amma kwana uku a ruwan zafi, kifi da ƙaguwa sun taɓa, ba kowane likita ne zai rantse ba. Likitan gwamnati kuma sau da yawa yana tafiyar kwanaki daga wurin.

Baban Khadija:
To ai akwai shaidar da ba ta ƙarya. Samuel Baker a kogin Nilu, wajen 1870, ya farke cikin wani kada ya tarar da tsakuwa kusan laba biyar, da abin wuya, da awarwaro biyu irin na 'yan mata. Irin wannan labarin ya cika littattafan mafarautan Turawa. In an ƙirga awarwaron ai an ƙirga matan.

Bagobiri:
A'a Baban Khadija, nan ne aka fi zamewa. Tsakuwar nan da ka ambata da gangan yake haɗiye ta, babban kada na ɗauke da duwatsun da suka kai kusan kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Daga ƙasan kogi yake tsinto su, kuma a mashayar da aka yi shekara ɗari ana wanki, me ke ƙasan? Munduwa, zobe, tsakiya, guntun kwalba. Na biyu, kada yana cin mushe. Wanda ya nutse, wanda aka kashe a yaƙi aka jefa ruwa, duk yana ci. A Indiya har cikin kadan Ganga mai siririn baki, wanda kifi kawai yake iya kamawa, an sha samun kayan ado, saboda gawarwakin da ake sakawa a kogin. Na uku, ruwan cikinsa yana narkar da ƙashi amma ƙarfe da dutsen ado suna daɗewa. Awarwaro goma a ciki ɗaya na iya zama mace ɗaya, na iya zama tarin shekara ashirin, na iya zama babu wadda ya kashe. Na Baker ɗin mai yiwuwa ne ya ci yarinyar, ban musa ba. Amma a matsayin ma'auni, awarwaro ba ya aiki.

Wanda ya fara binciken cikin kada a tsanake shi ne Hugh Cott, a Uganda da Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, ya fitar da sakamakon a 1961. Ciki ɗaruruwa ya buɗe, yana rubuta tsawon kowane kada da abin da ke ciki. Ƙanana ƙwari da kwaɗi da ƙaguwa, matsakaita kifi, manya kifi da dabbobi. Masu naman mutum 'yan ƙalilan ne ƙwarai. Da yawa ma cikin babu komai.

Hajiya Asabe:
Ƙanena, kar wannan ya zama wanke kada fa. Ƙalilan cikin dubbai, a kogi mai ƙauye a kowace kwana, mutane ne masu yawa.

Bagobiri:
Ban wanke shi ba Hajiya. Abin da nake nufi, in masu kisan 'yan kaɗan ne kuma manya, to maganin da Turawan suka zaɓa bai nufi inda ciwon yake ba.

Malam Ɗanjuma:
Kuma ba don matan aka fara yaƙi da kada ba, wannan a rubuce yake. A tafkin Biktoriya abu biyu ne suka tayar da shi. Na farko ciwon barci, wanda daga 1901 ya kashe mutane sama da dubu ɗari biyu a Busoga da tsibiran tafkin. Robert Koch, babban masanin Jamus, ya zauna a tsibiran Sese a 1906 zuwa 1907, ya tarar da jinin kada a cikin ƙudan tsando mai yaɗa cutar, sai ya ba da shawarar a ƙarar da kadoji don ƙudan ya rasa abinci. Ƙudan kuwa yana shan jinin guza, da na gada mai zaman fadama, da na mutum. Abin da ya rage annobar shi ne kwashe mutane daga bakin tafkin, umarnin gwamna Hesketh Bell, wanda daga can aka kawo shi ya zama gwamnan Arewa a Zungeru a 1909. Na biyu raga. Da aka shigo da ragar zare ta Turawa a farkon ƙarnin, kada ya riƙa yaga ta yana cin kifin da ya maƙale. Raga kuɗi ce, kifi haraji ne. Sashen kula da namun daji na Uganda a ƙarƙashin Kyaftin Charles Pitman ya shafe shekaru yana harbin kadoji mata a kan ramukan ƙwansu da fasa ƙwai.

Abin dariya, a daidai wannan lokacin Turawan Kampala da Entebbe na zuwa da mota kallon wani tsohon kada mai suna Lutembe, ana kiransa ya fito a ba shi kifi, suna ɗaukar hoto.

Ɗan Kabawa:
Fasa ƙwai aikin banza ne, Malam, kowane masunci zai gaya maka. Rami ɗaya ƙwai arba'in zuwa sittin, zurfin kamu biyu a cikin yashi. Ko ba ka taɓa ba, guza na tone da yawa, ambaliya ta ci wasu, waɗanda suka ƙyanƙyashe kuma tarwaɗa da tsuntsaye da manyan kadoji su cinye. Wanda zai girma bai taka kara ya karya ba. Kai kuma ka biya lada a kan abin da guza ke yi kyauta. Wanda ka fasa yau, da ya rayu ma, sai ya shekara goma sha kafin ya isa kama mutum. Tsohon da ke kwance a mashaya yau ɗin yana nan.

Ladan kai ko na tsawo ma haka. Mai neman lada zai je inda kada ke da yawa da sauƙin samu, bakin yashi inda ƙanana ke shan hantsi. Babban da ya shekara arba'in ya san ƙarar kwale-kwale. Ga harsashi: ƙwaƙwalwarsa ba ta fi babban yatsa girma sosai ba, tana bayan ido. In ka kuskure, ya tafi da rauni, wanda ya raunata kuma kifi ya fi ƙarfinsa sai ya koma kan abin da ke durƙushe a gaɓa. An gudu gara an faɗa gidan zago. In ka same shi daidai a ruwa mai zurfi, nutsewa yake yi nan take, sai ya kumbura ya taso can ƙasa, wani ya tsinta ya karɓi ladan.

Injiniya Sabo:
Mutanen Malaya da Borniyo sun fi Turawan dabara a nan, har Turawan suka koma hayar su. Kamfanin Holan a Batabiya, wato Jakarta ta yau, tun ƙarni na 17 yake biyan lada a kan kada, sarakunan gidan Brooke a Sarawak ma sun biya. Amma kayan aikin na 'yan ƙasa ne, sunansa alir. Itace mai tauri kamar kamu ɗaya, an fiƙe bakinsa biyu. A tsakiyarsa ake ɗaura igiya, amma ba tufkakkiya ba: zare-zare da yawa a sake, don in kada ya datse sai su shige tsakanin haƙoransa, ya rasa abin tsinkewa. Daga nan sai doguwar igiya mai ƙarfi, da abin da zai yi yawo a saman ruwa a ƙarshenta. A kwantar da itacen a jikin mushen biri ko kare, a rataye a reshe ɗan sama da ruwa. Tsayin ratayen shi ke zaɓen girman kadan, ƙarami ba ya kaiwa. Ya haɗiye, ya tafi da komai, ba a ɗaure igiyar a gaɓa ba don kar ya ji turjiya ya amayar. Da safe a bi abin da ke yawo, a ja, itacen ya gicciye a ciki.

Su Dayak, mutanen Borniyo, a al'adarsu ba sa taɓa kada sai wanda ya ci nasu. Wato suna kafa tarkon a inda aka yi kamun, cikin kwanakin da aka yi shi, lokacin mai laifin yana kusa.

Ɗan Maiwurno:
Salamu alaikum daga Sudan. Ina bin ku tun farko. Ina so a sa mahajjatan ƙafa cikin waɗanda ba a ƙirga ba. Bayan yaƙin Burmi a 1903 jama'a masu yawa sun bi gabas, kafin su da bayansu ma hanyar ba ta taɓa yankewa ba. Sai an haye Logon da Shari, sai Farin Nilu, wasu suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar inda garinmu yake. Baƙo a bakin kogi shi ya fi kowa haɗari: bai san mashigin da 'yan gari ke gudu ba, yana isowa da yamma a gajiye, ya sauka alwala. Ga shi ya baro ƙasar ƙaramin kada ya shigo ta babba bai sani ba. Ba ya cikin littafin harajin Ingilishi, ba ya cikin na Faransa.

Baban Khadija:
Allah ya jiƙansu. Malam, kafin a rufe, labarin Boma fa? An ce kadoji sun cinye sojan Japan kusan dubu a dare ɗaya, kuma kakanninmu suna can.

Malam Ɗanjuma:
Tsibirin Ramree ke nan, Fabrairun 1945. Sojojinmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a yankin Arakan, amma tsibirin runduna ta 26 ta Indiya ce ta kama shi. Japanawa kusan 900 sun ƙi miƙa wuya suka kutsa dajin fadamar gishiri mai nisan kilomita 16. Labarin cewa ashirin kawai suka fita, sauran kada ya cinye, daga wani Bature masanin dabbobi ya fito, Bruce Wright, a 1962, ya shiga littafin bajinta na Guinness. Ashirin ɗin waɗanda aka kama ne. Kusan 500 sun tsere. Steven Platt da abokansa sun je sun tambayi dattawan tsibirin, suka wallafa a 2001: harsashi, ƙishirwa, ciwo da nutsewa ne suka kashe yawancin waɗanda suka mutu, na kada bai wuce goma zuwa goma sha biyar ba. Kada mai mita huɗu in ya ci mutum ɗaya ya yi kwanaki bai nemi wani ba. Kadoji nawa ke nan za a tara a fadama ɗaya?

Ka ga yadda abin yake. Daren da ba a yi ba ya shiga littafin duniya.

Bagobiri:
Haka tsawon ma. Mafarauta sun yi ta rubuta ƙafa 25, ƙafa 30. Akwai ma'auni mai sauƙi: tsawon kai daga hanci zuwa ƙeya, sau bakwai, shi ne kusan tsawon jiki. Da aka bi ƙoƙunan kan da ke gidajen tarihi da wannan, ƙattin sun yi ta raguwa. Fatar da aka feɗe kuma tana miƙewa in an ja. Wanda aka auna da rai a gaban shaidu, Lolong na Filifin a 2011, mita 6.17 ne, ƙafa ashirin da 'yan inci.

Abin da ya rage kadoji a ƙarshe kuwa ba ladan gwamnati ba ne, jaka da takalmi ne. Bayan yaƙin duniya na biyu farashin fata ya tashi, aka koma farautar dare: kwale-kwale, fitila mai ƙarfi, idon ya yi ja kamar garwashi, a matsa taku kaɗan, harbi ɗaya, a saƙalo da ƙugiya kafin ya nutse. Fatar ciki kawai ake so, faɗinta ake aunawa a biya. A kankare nama, a cika ta da gishiri cikin 'yan sa'o'i, a naɗe a inuwa. In gishiri ya yi kaɗan sai ja-ja ya fito, ɓawon ya fara zamewa, ta tashi daga daraja ta ɗaya. Cikin shekara ashirin koguna da yawa sun zama fayau, har sai da yarjejeniyar CITES, mai taƙaita cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, ta fara aiki a 1975.

Hajiya Asabe:
Duk wannan harsashi da guba da lada, alhali maganin mashaya shinge ne, kuma mutanen kogi sun san shi tun kafin Bature. A Zambezi ana kafa shi, a kudancin Siri Lanka a kogin Nilwala har yau ana wanka a cikinsa. Inda babu shinge, ƙwarya a bakin doguwar sanda, mace ta tsaya can tudu. Ɗan Kabawa, in za a kafa a ƙauye yau, yaya?

Ɗan Kabawa:
Da rani ake kafawa Hajiya, ruwa ya ja baya. Turaku masu kaurin damtse, na itacen da ruwa ba ya ci da wuri, a buga su aƙalla rabin mita cikin ƙasa, tsakaninsu kar ya wuce yatsu huɗu. A zagaye kamar rabin wata, taku biyar ko shida kowane gefe ya isa mata huɗu su yi wanki. A ɗaure da gicciye biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Tsayin ba da ruwan yau ake aunawa ba, da shaidar ambaliyar bara a jikin bishiya, a ƙara mita ɗaya. A jibge duwatsu a gindi ta waje, don igiyar ruwa na rarake yashi ta buɗe kafa a ƙasa inda ido ba ya gani. Kar a wanke kifi ko a zubar da kayan cikin dabba kusa da shi.

Inda aka fi yin kuskure shi ne ɓangaren tudu. Mutane na rufe gefen ruwa su bar bayansu a buɗe, sun manta kada na tafiya a ƙasa da dare. Ya zagayo ya shiga, ya kasa fita, mai zuwa da asuba ta same shi a ciki. Dole a zagaye har tudu, a sa ƙyaure, a rufe da magariba. Wadda ta fara zuwa da safe kuma ta tsaya waje ta caccaka ƙasan ruwan da gora, lungu-lungu, kafin ta sa ƙafa.